Sallamar da Ta Kashe Yaya Hansatu

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayata Hansatu, amma har yau in na ga ana shafa farar ƙasa a bango sai na tuna da ita. Makon jiya na wuce wani gidan gajiyayyu na tarar ana ta shafe da shara kamar za a kawo amarya. Na tambaya, aka ce ai masu bincike ne za su zo jibi. Wallahi sai da na nemi dakali na zauna.

A wancan zamani Turawa ba su daɗe da zama ba, Tudun Wada ma gonaki sun fi gidaje yawa. Kuturta ta kama Yaya, aka kai ta sansanin kutare a bayan gari. Ita ta goye ni bayan mutuwar innarmu, da yatsun nan da ciwo ya cinye ta tuƙa tuwon da na girma da shi. Ni kuwa ina tafinta a ofis, ina taƙama da farar riga.

Wata Juma'a na je gaishe ta, ta janye zane ta nuna mini ƙafarta. Gyambon har ya yi tsutsa. Ta ce rabon da a wanke musu miki sun manta, hatsinsu kuma a kasuwa yake ƙarewa. "Audu, in kana da baki wurin Nasara ka yi magana. Mutuwa muke yi ɗai-ɗai."

Na rubuta takardar koke, na bi ta da ƙafa, har Baturen likita ya ce ranar Alhamis zai je ya gani da idonsa.

Nan na tafka abin da ya hana ni sakat har tsufana. Mai kula da sansanin, Malam Tanko, aminin babanmu ne, zaure ɗaya suka yi karatu. Mu kuma an rene mu a kan ba a faɗa wa babba gida babu sallama, balle ka jawo masa baƙo. Ranar Talata na je na durƙusa na gaya masa. Ya shafa gemu ya ce, "Madalla, ɗana. Ka nuna kai ɗan halak ne." Ni sakarai har daɗi na ji!

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to ran nan an ɓoye shi. Muka iske bango fari fat, sababbin tabarmi, tukunya tana tafasa da nama. Bature ya tambayi majinyata, suka dubi Malam Tanko suka ce sun gode Allah, na fassara. Na duba ko'ina ban ga Yaya ba. Malam ya ce ta je ganin dangi. Wane dangi gare ta in ba ni ba? Na san ƙarya ce, amma yaya zan ƙaryata sa'an ubana a gaban jama'a? Na haɗiye. Bature ya rubuta cewa komai lafiya, ya hau dokinsa.

Ashe su huɗu masu munanan miki aka kwashe zuwa wata tsohuwar bukka a bakin rafi. Ga shi lokacin marka ne, ruwa ya kwana biyu yana zuba a kansu. Da na gano inda take, haƙarƙarinta ya riga ya kama, numfashi da ƙyar.

Ta ce, "Wa ya gaya wa Malam Tanko?"

Na ce, "Ni ne, Yaya."

Ta ce, "To, ka yi ladabi."

Ba ta sake yi mini wata magana ba. Ranar Lahadi muka binne ta.

Da za ta tashi yau ta ga asibitoci da motoci, na san ba za su burge ta ba. Ɗakin baya za ta ce a buɗe mata. Ba ta bar ɗa ba, kabarinta ma ciyawa ta shafe shi. Abin da ta bari kalmomin nan ne, kuma ni kaɗai nake ɗauke da su, ga ƙarfina ya ƙare.

Ku masu bincike, na haɗa ku da Allah, kunyar mara kunya asara ce. Kada ku aika, kada ku sa rana. Ku tambayi wanda babu a layi. Ni na yi sallama, aka amsa mini da gawar wadda ta goye ni.