Ranar da firiza ta hana a ji tafsiri

A wani ɗaki kusa da Ƙofar Na'isa muke da injinan ajiya guda shida, waɗanda masu harka da mu suke kira "girgije". Duk abin da aka ba mu, hoto ne ko murya, sai ya zauna a inji biyu, don in ɗaya ya kwanta ɗaya ya riƙe. Shi ya sa sabunta manhajarsu yake da ƙa'ida guda: a kashe ɗaya, a sabunta, a jira ya dawo ya daidaita da 'yan'uwansa, sannan a taɓa na gaba. Aiki ne mai cin rai, ni kuwa ba haƙuri ne ya ishe ni ba.

A cikin azumi ne, zafi kamar zai tsaga kai. Cikin ajiyarmu akwai tafsirin wani malamin Jakara da ya rasu, kuma ɗansa ya tara jama'a a zaure bayan la'asar don a saurara. Har da mahaifiyarsa, matar marigayin, wadda tun rasuwar ba ta yarda ta ji muryar ba sai ranar.

Na kashe inji na uku don sabuntawa, na fita sallah. Ina dawowa na tarar da firizar maƙwabcinmu a bakin ƙofa, wayarta ta shige ɗakin. Unguwa babu wuta, mu kaɗai ke da sola, maigadinmu kuma dattijo ne da ba ya iya hana maƙwabci.

"Baba, wane soket ka cire?"

"Na wanda ka kashe mana, Malam. Ai ba ya aiki."

Na huɗu ya cire. Tafsirin kuwa a na uku da na huɗu yake.

Raina ya ɓaci, ga bakin azumi, ga furfurarsa, babu damar faɗa. Na mayar da wayar injin, amma injin da aka fizge wa wuta ba ya tashi haka kawai, sai ya bi kayansa ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Na ukun kuma yana tsakiyar sabuntawa. Na zauna ina kallon allo, ɗan malam yana ta kira.

Sai bayan an sha ruwa murya ta dawo. Na buga masa ina ta ba da haƙuri.

"Babu komai, Malam," in ji shi. "Hajiya ta shiga ciki. Ta ce a bar shi kawai."

Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.