Da Sauƙi

Shekarar da gero bai yi ba, 1984, aka kai maigidana koyarwa wani gari tsakanin Madawa da Buza. Gidan likitan garin ɗaki uku ne da rumfa. Ma'aikatansa majo, wato babban mai jinya, da ungozoma, sai wata Anasara da ta baro ƙasarsu ta zo taimako ba albashi. Madam muke ce mata. Da ta ji na yi kolej ina jin Faransanci, har madafa ta biyo ni, ta roƙa in riƙa yi mata tafinta. Maigida ya ce in je, lada ne. Sai in dama fura, in goya ƙaramata, in kama hanya.

Ban taɓa gajiya irin ta wannan rani ba. Ƙyanda ta tarar da yunwa. Gadajen ba su kai goma ba, yara bibbiyu a kai, sauran suna tabarma ƙarƙashin rumfa. Kowace safiya Madam za ta zagaya ta zaɓi wanda zai sauka don wani ya hau. Wannan zaɓi shi ya ramar da ita, ba zafin rana ba.

Tana da naci wajen koyon Hausa, mata kuma suna jan ta.

"Madam, ina mijinki?"

"Babu."

"To ga majo nan, matarsa guda tak."

Sai ta yi dariya ta ce, "Buɗe baki," ta ɗura wa yaro magani.

Cikin masu gado akwai wata mata daga wajen Allakaye da ɗanta, ɗan shekara uku haka. Gashinsa ya yi ja, ƙafafu da kumatu sun kumbura, in ba ka sani ba ka ce ƙiba ce. Uwar ba ta da magana. Kullum tana zaune tana kore masa ƙuda da gefen zane.

Wata ranar kasuwa baƙi suka tsare ni, ban isa ba sai da hantsi ya ɗaga. Na tarar da wata yarinya mai jijjiga a gadon yaron.

"Ina yaron Allakaye?" na tambayi Madam.

"Na sallame su. Zazzaɓin ya sauka. Kuma ni da kaina na tambayi uwar da Hausa, ya jiki, ta ce da sauƙi. Na sake tambaya, ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi." Murna take yi ta iya ba tare da ni ba.

Na zauna bakin gado. Na ce mata mahaifina ma da sauƙi ya ce mana safiyar da ya cika. A wajenmu wannan ba labarin ciwo ba ne, godiya ce ga Allah da kyakkyawan zato. Mai son ya ji gaskiyar jiki sai ya tambaya ko an ci, ko an yi barci, ko zawo ya tsaya.

"To me ya hana ta ce a'a?"

"Ta dubi idon mai ba ɗanta magani ta ce maganinki bai yi ba?"

Madam ba ta ko cire farar rigarta ba. Muka nufi tasha cikin rana, goyona yana kuka a baya. Can muka sami uwar a inuwar wata kamyo, babbar motar kaya, da ake loda wa albasa, yaron kwance a cinyarta, bakinsa ya bushe.

"Baiwar Allah, ya sha kunu?"

"Tun jiya ba shi haɗiya."

"Zawon fa?"

"Da shi ya kwana."

"To don mi kinka ce da sauƙi?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Yaya, mi za ni ce? Yana lumfashi."

Na ce ta tashi mu koma. Ta girgiza kai. Ta bar yara biyu wajen surukarta, kuma in motar nan ta wuce sai wata kasuwar. Amma ba shi ne babban dalilin ba. "An ba ɗiyar wata gadon. Na ga uwarta. Ba ni tada ta."

Na fassara wa Madam. Ta durƙusa cikin rairayi, duk Hausarta ta gudu, sai "don Allah, don Allah" kawai take maimaitawa. Direba ya leƙo ya ce, "Yau Anasara na roƙo, wataƙila a samu ruwa bana." Ba wanda ya yi dariya.

Ban yi shawara da maigida ba, bakina ne ya riga ni. Na ce akwai ɗaki a gidana, ba sai an tada kowa ba. Uwar ta daɗe tana kallon motar, sannan ta miƙo mini ƙullin kayanta, ta ɗauki ɗanta.

Kullum da azahar, lokacin da ya kamata ta huta, Madam za ta zo da madara da aka haɗa da mai da sukari. Mu ba shi da ƙaramin cokali, ya amayar, mu jira, mu sake. Wata rana sai in ga Madam tana gyangyaɗi a zaune, kofi a hannunta, uwar ta zare shi a hankali ta ci gaba. Da kumburin ya saɓe muka ga ainihin abin da ya rage na yaron, fata da ƙashi. Na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na hura wuta.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya fara zama, ya fara kai hannu cikin akushin 'ya'yana. Da ruwan farko ya sauka uwar ta ce shuka ba ta jira. Har lokacin yana tari, Madam ta so a ƙara mako, amma uwar ta ƙi. Na raka su tasha. Da ƙafarsa ya taka, yana riƙe da zanen uwarsa, yana tsayawa yana hutawa, har muka kai bakin mota.