Gonar da Kawu Ya Raba Huɗu

Jiya a kasuwar Ƙaura na ji ƙamshin tumu ana gasawa, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

A shekarun da aka ba mu jihar Zamfara, an kawo mana sabon irin gero a Banga. Na shuka, bai yi ba. Ni kuwa mai saurin yanke hukunci ne, har yau Allah ya shirye ni. Na ce zan daka sauran irin mu sha fura, kowa ya huta.

Kawu ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, wane alƙali ka gani ya yi hukunci bai ji shaidu ba?"

Da damina ta faɗi ya raba gonarsa huɗu. Ya shuka tsohon iri a biyu, sabo a biyu, a kowane iri, kashi ɗaya da taki, ɗaya babu.

Da kaka muka zagaya tare. Tsohon iri kaɗan ya ƙaru da taki. Sabo marar taki ya fi duka lalacewa, kamar nawa. Amma inda sabo ya haɗu da taki, zangarniya har ta kai kamu.

Ya karyo ɗaya ya gasa, ya murje a tafinsa mai kaushi, ya hure, ya zuba mini da zafinsa.

"Tauna furarka," in ji shi. "Irin ba shi da laifi, kai ne ka bar shi da yunwa."

Irin nan ne ke cika rumbuna har bana. Allah ya yalwata kabarinka, Kawu, ya yi maka hukunci mai sauƙi.