Hoton Ɗakin Kaka

Mun tashi da asuba daga Isa, ni da Baba, bayan ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke. Ku da kuke ganin hotunan da nake sawa kun san ban cika dogon rubutu ba, amma wannan karon sai na yi bayani, don ba yawo ya fitar da ni ba. Aike ne.

Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu, can bayan Kurawa. Tun daga lokacin Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta yarda ta zama 'yar Isa ba. Kullum maganarta gida za ta koma. Baba ya ce mata ɗakinta ya rushe, ta ce bakinsa ne ya rushe shi. Da aka ce hanya ta ɗan lafa, har wasu na zuwa gona da safe su dawo kafin la'asar, sai ta kafa sharaɗi: a je a ɗauko mata hoto. In ɗakin ya faɗi, ta haƙura. In yana tsaye, za ta koma ko ita kaɗai ce, ko da ƙafa. Kuma ni ta zaɓa. "Wagga ba ta iya magana ba balle ƙarya," in ji ta. Baba ya ƙi, sai da ta yi kwana biyu ba ta taɓa tuwo ba sannan ya sauko.

A tasha aka ce dubu uku kowane mutum zuwa Sabon Birni. Baba ya ce a da kuɗin nan Sakkwato suke kai mutum, direba ya ce a da ma shi saurayi ne. Dariyar ke nan da aka yi a motar. Muna barin gari kowa ya yi shiru, sai laɓɓa ke motsi.

Wayar da nake ɗaukar hoto ta yayata ce, gilashinta ya tsage ta kusurwa. Hotona na farko a bakin gulbi na ɗauke shi: zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, shi ruwan toka, gulbin ruwan toka, sama ma haka. In ba don bakinsa ba, da wuya a rarrabe shi da ruwa. Can gaba na ɗauki gawo. Duk itatuwa sun yi kore shar, shi kaɗai ya zubar da ganye yana tsaye furu-furu, kamar yadda ya saba kowace damina. Ina son irin waɗannan abubuwa, saboda suna tsayawa a ɗauke su, kuma ba sa juyowa su kalle ni. Mutum kuwa ban taɓa iya ɗaga masa waya ba. Kunya nake ji.

Mun wuce shingen jami'an tsaro uku, kowanne sai na tura wayar cikin hijabi. Na lura gonakin bakin hanya duk gyaɗa ce da wake. Gero da dawa suna can nesa. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce abin da ya fi mutum tsawo ba a son sa kusa da titi yanzu.

A Sabon Birni muka ci waina da miyar taushe, huɗu a ɗari biyar, ƙanana kamar murfin kwalba. Masu kabu-kabu uku suka ƙi ɗaukar mu da jin sunan ƙauyen. Na huɗu, wani dattijo mai furfura, ya yarda bisa ninkin kuɗi, ya ce awa guda zai jira mu, ba daɗi.

Hanyar babur laka ce da ramuka. Mutum na ƙarshe da muka gani wani tsohon Bafulatani ne yana kora jaki da awaki biyu. Suka gaisa da Baba, ya ce abin da ya rage masa ke nan daga garke guda. Na so in ɗauke shi, na kasa. Jakin na ɗauka, mai farin baki da baƙin layi a kafaɗa.

Shirun ƙauyen ne ya fara tarye mu. Babu daka, babu kukan yaro, ko kare. Ciyawa ta cinye hanyar masallaci. Wasu zabi bakwai suna kiwo a tsakiyar dandali, suka ɗago suka dube mu, suka ci gaba da abinsu. Na matsa har ina ganin ɗigo-ɗigon jikinsu kafin su gusa. Ɗakuna da yawa ruwa ya narkar da su, rumbuna sun zauna ƙasa, wasu kuma baƙin wuta ya koɗe ya zama toka-toka a bango.

Muka shiga gidanmu. Zaure ya faɗi, ɗakin kawuna ya faɗi, namu rabi. Ɗakin Kaka kuwa yana tsaye. Kwanon da marigayi kakana ya rufa masa ya dushe, amma ko kusurwa bai ɗaga ba. Ƙofar a rufe take da igiyar da ta ɗaure da hannunta.

Baba ya daɗe yana kallon ɗakin. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗauki na kawunki. Ɗakin ƙasa duk ɗaya ne in ya faɗi."

Na ɗauki na kawu. Sannan na juya na ɗauki na Kaka. Ya ji ƙarar wayar sau biyu, ya tafi duba kabarin mahaifinsa.

Sauran lokacin na bi ƙananan abubuwa. Kurciya ta yi sheƙa a saman ƙofar Kaka, daidai inda kan mutum zai taɓa. Turmi ya kife, rana da ruwa sun mayar da shi kalar dutse. Duwatsun murhu uku suna nan, tokar tsakaninsu ta daskare. A bakin rijiyar unguwa na tarar da damo kwance yana shan rana, wuyansa na harbawa a hankali, saƙar gizo ta rufe rabin bakin rijiyar. Na durƙusa na ɗauke shi sau uku.

Ko awar ba ta cika ba mai babur ya kira mu. Ya ce ya ji ƙarar babura daga gabas. Ni ban ji ba, amma ba wanda ya tsaya gardama.

A motar dawowa Baba ya yi magana sau ɗaya. "In ta koma, ke kin san abin da za ya biyo baya." Daga Sabon Birni har Isa yatsana na kan wurin goge hoton ɗakin Kaka. Ina tuna Kaka ita kaɗai a wancan shirun, ina kuma tuna abin da ya sa ta zaɓe ni. Na ce a raina za ni goge in mun kai gulbi. Muka wuce gulbi. Ban goge ba.

Mun iso bayan la'asar. Kaka na kan tabarma, ko sannu da zuwa ba ta yi mana ba, ta miƙo hannu. Na zauna gefenta ina tura mata hotunan ɗaya bayan ɗaya. Da ɗakinta ya bayyana ta buga cinya.

"Ban ce ba? Ga shi tsaye! Kai, zo ka gani, mai rusa ɗaki da baki!"

Baba bai motsa daga bakin ƙofa ba. Ta ce in ci gaba. Ta ga sheƙar kurciya, ta ce in ƙara girmanta. Ta ga zabi a dandali. A kan damo ta tsaya, ta kai wayar dab da idonta.

"Rijiyarmu ce wagga?"

"Ita ce, Kaka."

"Damo bai kwana inda guga ka sauka." Ta sa na koma farko, muka sake bi har ƙarshe. Sannan ta dube ni. "Ɗiyar ga, gaya mini. Kunyar taki ce ta hana ki ɗauko mutane, ko babu su?"

"Babu su, Kaka."

"Ko guda?"

"Ko guda."

Ta miƙo mini wayar.

Na tafi ina zaton hoto ɗaya aka aike ni, kuma shi zai yanke magana. Tafiyar nan ta koya mini cewa mai kallo yana ganin har abin da babu shi a hoto, kuma in an aike ka gani, kawo duka, kada ka zaɓar wa mutum abin da zai iya ɗauka.

Kaka ta ci tuwo a ranar. Da ta wanke hannu ta kira Baba, ya zo ya durƙusa.

"Gobe in Allah ya kai mu," ta ce, "ka kai ni in ga maƙabartar garin ga."