Tankin Babur ɗin Baba

Shekarar da idon Baba ya rufe, ƙafarsa ma ta daina fita. Lafiyarta lau, zuciya ce kawai. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana malamin dabbobi, yana keta dajin Birnin Kudu da Gwaram a kan babur, yana bin rugage yana yi wa shanu allura, shi za a kama wa sanda a ja shi a titi? Ya ce atafau. Ya shimfiɗa buzunsa a soro ya zauna, ko masallacin ƙofar gida ya daina zuwa, kullum sai ramewa yake yi.

Ana cikin haka yayansa da ke Maruta, can ƙasar Gwaram, ya kwanta ciwo, ya yi ta aiko cewa yana son ya ji muryar ƙaninsa. Ni ne babban ɗa, kuma ni mutum ne mai saurin hawa, ban iya lallashi mai tsawo ba. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, zan ɗauko shatar mota har ƙofar gida."

Ya ce, "Ba na shiga motar kowa."

"To ka hau bayan babur ɗina."

Lokacin kuɗin fetur sun fara shigowa ƙasa, duk wani ma'aikaci ya sayi sabon babur ɗan Japan, ni ma da nake ofishin gona na sayi nawa. Baba ya taɓe baki ya ce, "Wannan mai kukan sauron? In dai fita ce, sai a kan nawa."

Nasa kuwa, wani ƙaton baƙin babur ne ɗan Ingila da ya saya tun kafin a ba mu mulkin kai. Ya daɗe da mutuwa, yana jingine a ɗakin shirgi, kajin Inna suna yin ƙwai a ƙarƙashinsa. Na san Baba ya faɗi haka ne don ya kashe maganar. Ni kuma na cafke ta. Na ce, "Ka faɗa fa, Baba." Ya ce, "Na faɗa." Nan take na miƙe na nufi ɗakin shirgi.

Na tura babur ɗin har tasha wajen wani tsohon bakanike, ina haki, mutane suna tambayata ko gidan tarihi zan kai. Bakaniken ya kwance inji ya wanke da kananzir, ya ce, "Kai, wannan ai ƙarfe ne na gaske, zai tashi." Taya ta samu, fulogi ya samu, wayoyin da ɓera ya ci aka sake. Sai muka zo kan tanki. Daga sama lafiya lau, amma da aka juya shi, tsatsa ta cinye cikinsa ya zama rariya. Mai walda ya liƙe nan, can ya ɓulle. Bakanike ya ce in daina wahalar da kaina, in tafi Kano, ya ji ana kawo irinsa na kwaikwayo ƙirar Indiya, sak da na asali.

Tsohon tankin nan yana da wata lotsawa a gefen hagu, mai faɗin bakin ludayi. Duk ɗan gidanmu ya san tarihinta. Baba yakan ce wani bijimi ne a wata ruga kusa da Surko ya ƙi allura, ya tsinke igiya ya yo kansa, Allah ya sa ƙahon ya sauka a kan tanki. Duk sanda ya ba da labarin sai bijimin ya ƙara girma. Inna kuwa in ana labarin ba ta cewa komai, sai dai "Uhm," ta ci gaba da tankaɗenta.

Na cusa tankin a buhu na hau motar Kano. Na shiga layin masu kayan babur ina zaro shi shago shago, ana yi min dariya. Wani ya ce, "Malam, kana zamanin nan kana neman kayan kakanni? Sayi sabo ka huta!" Na ce masa in shawara nake nema na san gidan limami. Sai can ƙarshen layi na dace da wani dattijo mai ɗan ƙuntataccen shago. Ya juya tankin, ya dubi wuyansa, ya taka benci ya sauko da wasu daga saman rufi, a naɗe cikin takarda mai maiƙo.

Na farko da muka gwada, ramukan noti ba su yi daidai da na tsohon ba, na ajiye. Na biyu ja ne, kyakkyawa, har na fara sha'awa. Amma bakanike ya riga ya koya min dabara: na toshe wurin famfon mai da yatsa, na shafa kumfar sabulu a kan ɗinkin ƙasa, na kafa baki a wuyan na hura har idona ya yi ja. Sai ga kumfa tana tasowa. Na ce wa dattijon, "Wannan ai yoyo yake!" Ya ce to ai shi ya sa ake dubawa. Da ya kwance na ukun kuwa, sai da na yi kabbara. Baƙi wuluk, da siririn layin ruwan zinare a gefe, da robar da ake dafa gwiwa, murfinsa yana ƙyalli, komai irin na Baba ranar da aka sayo shi. Na hura, na sake hurawa, ko ɗigon kumfa babu.

Dattijon ya shafa lotsawar tsohon tankin, ya ce cikin wasa, "Wannan ce kaɗai Indiyawa ba su kwaikwaya ba." Na ce, "Allah ya yi musu albarka da ba su yi ba." A cinyata na rungumo sabon tankin har Birnin Kudu kamar jariri, duk wanda kayansa suka matso sai na harare shi.

Ranar da aka ɗaura shi, bakanike ya zuba mai, ya buɗe famfo, ya taka kik. Shiru. Ya sake takawa, babur ya yi tari. A na gaba sai ya ɗauka: dum, dum, dum, wata murya mai kauri da ban ji ba tun ina ƙarami. Wayyo daɗi! Na rungume bakanike da baƙin mansa da komai, farar rigata ta tashi aiki, ko a jikina. Na hau na nufi gida, tsofaffi a bakin hanya suna miƙewa suna cewa, "Kai, wannan ba na malamin dabbobi ba ne?"

Na tura shi cikin soro yana ruri, sannan na kashe. Baba yana tsaye. Ba wanda ya tashe shi, ba wanda ya kama shi, yana tsaye da ƙafarsa. Ya miƙo hannu, na ɗora shi a kan kan babur ɗin. Ya shafa fitila, ya matsa birki, ya bubbuga sirdi yana murmushi. Sai hannun ya gangara gefen hagu na tanki. Ya shafa gaba, ya shafa baya. Ya sake shafawa. Na ga murmushin yana janyewa.

Ya ce, "Babur mai kyau. Na wane ne?"

"Naka ne mana, Baba! Ba ka ji muryarsa ba?"

"Na ji. Amma nawa yana da tabo a nan." Ya lalubi bango ya koma kan buzunsa. "Ka mayar wa mai shi."

Kaina ya yi zafi. Na manta da wa nake magana, na shiga ɗaga murya: na je Kano, na sha dariya, na hura tanki har na kusa suma, yanzu don babu tabon wani bijimi za a ce ba shi ba ne? Ga ɗan'uwanka can kwance yana kiranka! Baba ya juyar da fuska bango. Na rasa abin da zan yi.

Inna tana daka a tsakar gida, duk tana jinmu. Sai na ji dakan ya tsaya. Ta shigo soron da taɓarya a hannu, gari a goshinta. Da yake ni ɗan fari ne ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai, matsa."

Na matsa, ban san me take nufi ba. Ta zagaya hagun babur, ta gyara tsayuwa, ta ɗaga taɓarya. Ƙwam!

"Innalillahi! Inna! Sabon tankin!"

Ta dogara taɓaryar a ƙasa, ta ce, "Babu wani bijimi a Surko. Karsanata ce, wadda mahaifina ya ba ni na zo da ita gidan nan, Malam ya kai ta kasuwar Gwaram ya cika kuɗin babur bai gaya min ba. Ranar da ya shigo da shi yana washe baki, a nan wurin na sauke masa taɓarya. Shekara da shekaru ina jin bijimi yana ƙara ƙiba, na yi shiru."

Na saki baki. Sai na ji wani sauti daga kan buzu, na waiga. Baba ne yake dariya, irin wadda ke girgiza kafaɗa, har da hawaye. Rabon da in ji dariyarsa tun idonsa yana gani. Ya taso ya lalubo tankin, yatsunsa suka faɗa cikin lotsawar, suka zauna.

Ya ce, "Wancan ya fi wannan zurfi."

Inna ta ce, "Lokacin da ƙuruciyata. A ƙara?"

Na faɗa kan tankin na rufe shi da ƙirjina, na ce don girman Allah ya isa haka. Na leƙa ƙasa na shinshina, babu yoyo, fenti ne kawai ya ɗan tsage.

Baba ya ce, "Ke, miƙo min babbar rigata da hulata. Kai kuma me kake jira? Rana tana yi."

Na fito da babur ƙofar gida na tayar. Baba ya tattare riga ya ɗaga ƙafa ya hau bayana, bai nemi a taimaka masa ba. Maƙwabta suka fito suna ta barka, yana amsawa da sunan kowa, da murya yake gane su. Muka ɗauki hanyar Gwaram, ina tafiya a hankali, ina kauce wa kowane rami. Can na ji hannunsa na hagu ya zagayo ta gefen cikina, ya lalubi tanki, ya kwanta a cikin lotsawar. Hawaye suka cika min ido har hanya ta dushe, mu biyu a kan babur babu mai gani sosai.

Ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Kai, ba gawa ka ɗauko ba. Ƙara wuta, Yaya yana jira."