Ranar da na kira inuwa da bakina

Shekarun baya, lokacin yayana yana da rai, mu ne muke rufin kwano daga Gumel har ƙauyukan Sule Tankarkar. Shi ne oganmu. Ni ina cikin 'yan sama, masu hawa su buga, akwai kuma 'yan ƙasa masu miƙo kwano da katako. Muna da maganarmu wadda mai gida zai ji amma ba zai gane ba. Layin ƙusa, inda katako yake a ƙarƙashin kwano, shi muke kira hanya. Duk inda ba nan ba rami ne, ko da ido ya gan shi lafiya lau. In iska ta shiga ƙarƙashin falle ta ɗaga shi a hannun mutum, mu ce ya yi fiffike. In kuwa tsoro ya kama mutum a sama, ya durƙushe ya kasa gaba ya kasa baya, mu ce ya yi kaza.

Abin nan ba ya sallama. Yana kama sabon hannu, yana kama wanda ya yi furfura a sana'ar. In mai gida ya gani kuwa, labari ya bazu, ko akurki ba za a sake ba ka ka rufa ba. Shi ya sa Yaya ya kafa mana ƙa'ida. In ya hangi wani ya yi kaza, ba ya kiran sunansa, ba ya ma kallon wajensa. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Inuwa!" Kowa ya ajiye hama, mutum biyu su bi ta kusa da mai kazar kamar dama hanyarsu ce, a sauko tare. A zauna a sha ruwa, a yi gardamar ƙwallo. Na waje zai ɗauka hutu ne. Oga kaɗai yake kiran inuwa, don kada ta zama abin wasa, kuma ba a tambayar don wa aka kira.

Ni a lokacin Ƙadangare suke ce mini, kuma sunan yana yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. In an kira inuwa ni ne na ƙarshen saukowa, ina fito, don kowa ya shaida ba don ni ba ne.

A Maigatari abin ya faru, a kan wani sito, gab da faɗuwar damina. Magina 'yan Damagaram suna ta ce mana mu gama da tol ɗin nan, wato kwanon, kafin hadari ya haɗu. Falle ya yi fiffike a hannun Yaya. Ina kusa da shi. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan. Allah ya jiƙansa.

Bayan an share makoki, abokan aiki suka zo gida. Babban cikinmu, wani dattijo ɗan ƙasa da muke kira Baba, ya ɗauko hamar Yaya ya ɗora mini a cinya. Ya ce, "Mutanen nan suna da iyali, kuma kai suka sani." Na karɓa. Mahaifiyata tana kallonmu daga ƙofar ɗaki.

Aikinmu na farko a Gagarawa ne, gidan wani Alhaji mai sayar da hatsi, a bakin titi, ga majalisa a kan benci suna kallonmu. Na hau da safe ina raha, har na fara cewa a raina ashe ba komai. Mun kai kusa da tsororuwa sai wata 'yar iska ta taso, wadda ko hular mutum ba za ta cire ba. Bakin fallen da ke gabana ya ɗaga, ya yi irin ƙarar da na ji a Maigatari.

Sai kawai na gan ni a durƙushe. Hannuna biyu sun ƙanƙame katako, kwano yana ƙona mini gwiwa, amma ƙafata ta ƙi jin magana. Ina ganin hanya ƙiri-ƙiri, ƙusa bayan ƙusa, na kasa ɗora tafin ƙafa a kai.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne jira na yi. Wallahi na kasa kunne ina jiran in ji an ce "Inuwa!" daga bayana. Na daɗe a haka kafin na tuna mai kiran ba ya nan, kuma hamarsa ce rataye a ƙuguna.

Duk 'yan sama sun gani. Abokina, wanda muka fara koyon aikin tare, yana gefena yana ta dukan ƙusar da ta riga ta shige, don dai kada ƙarar hama ta ɗauke. Babu wanda yake da ikon kira sai ni.

Daga ƙasa Alhaji ya ɗaga kai ya ce, "Oga, lafiya? Ko nafila ake yi a can sama?"

'Yan benci suka kwashe da dariya.

Baba ya ce, "Awo yake dubawa, Alhaji. In ka dame shi ɗakinka ya karkace, ba ruwanmu."

Abokina bai dube ni ba, ya ce ƙasa-ƙasa, "Oga, ranar nan fa ta yi zafi."

Na san abin da yake nufi. Amma in na kira, kowannensu ya san babu mai kaza a rufin nan sai Ƙadangare, ran farko da ya tsaya a matsayin yayansa. In na yi shiru kuma, ga sabon falle an jingino shi, ni zan karɓa, ga iska ba ta kwanta ba. Na tuna mahaifiyata a ƙofar ɗaki.

Na buɗe baki na ce, "Inuwa."

Muryar ba ta fita da ƙarfi ba, amma hamomi suka yi tsit. Abokina ya rarrafo ta damana, wani ta haguna. Ya saƙala yatsu a bayan bel ɗina yana cewa, "Hanya, mutumina. Hanya. Ga ta nan." Haka muka kai tsani. Muka zauna a gindin darbejiya, aka miƙo ruwa, aka ɓarke da gardamar ƙwallo kamar an biya su. Ina shan ruwan, kowa ya sami wani wurin kallo.

Da aka huta suka zuba mini ido, don oga ne yake cewa a koma. Na ce, "Baba, yau ni zan miƙa." Ya ce, "Madalla, dama bayan nan nawa ya isa hutu." Na kwance hamar na ba abokina.

Da yamma na shiga wajen mahaifiyata na ce, "Inna, na kasa." Ta dubi gwiwoyina da suka tashi, ta ce, "Da ƙafarka ka shigo?" Na ce e. Ta ce, "To, wanke hannu, ga tuwo."

Tun daga ranar ban sake hawa ba. Na gwada a rufin gidanmu, inda babu mai gani, ban wuce tsakiyar tsani ba. Har yanzu ni ne oga, daga ƙasa. In sabon mai gida ya ce, "Shi ogan naku ba ya hawa ne?" sai in ji fuskata ta yi zafi kamar yau abin ya faru, su kuwa su ce awo nake dubawa.

A da na ɗauka Yaya ya ƙirƙiro inuwa ne don ragwaye. Yanzu daga ƙasa nake kallon ƙafafun mutanena, kuma da na ga ɗaya ta fara rawa nake kira, ba na jira ya durƙushe. Shekaru sun wuce, Baba ma ya rasu, wasu sun bar sana'ar. A cikin waɗanda suka sauko tare da ni a Gagarawa, har yau babu wanda ya tambaye ni don wa na kira.