Mai Ramar Ɗaki

A rumfar maganin gona ta Kasuwar Muda Lawal nake kallon wani matashi: dogo, siriri, hula a karkace, idanu jajur kamar gauta. Yana kwance hankici a hankali, kamar mai nuna wa likita jariri. Ganye ɗaya ne a ciki, ya nannaɗe, bakinsa ya ƙone.

"Baba, ramata ce ba lafiya," in ji shi. "A ɗaki nake nomanta. Tana fara fure sai ta kama murɗewa."

Tsohon mai rumfar ya shinshina ganyen, ya dube shi ta saman tabarau.

"Zafi ne ya dafa ta, ga taki ka ɗura mata kamar tuwon biki. Amma ɗana, shekara arba'in ina cin kwaɗon rama, ban taɓa jin mai wannan ƙamshin ba."

Ina jin matashin ɗan haya ne a unguwar Yalwa, wanda ko kaza bai taɓa ba wa ruwa ba, amma yau ga shi zai yi wa ganye hawaye. Ya waiga hagu da dama.

"'Yar ƙasar waje ce, Baba."

"To, Allah ya ba ta lafiya. Amma ranar da hukuma ta zo dubiya, ban san ka ba."